Keke Mai Caji ko Na Feda? Fara Tambayar Kuɗin Batir

"Alhaji, wannan ba ya shan mai. Ka jona shi da dare, da safe ka hau abinka." Duk wanda ya taɓa tsayawa taya keke mai caji ya ji wannan magana daga bakin mai shago. Ba ƙarya ya yi ba, rabin zancen dai ya faɗa, kuma ya san inda ke yi wa mai saye ƙaiƙayi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta taɓa 1,000 a gidajen mai da dama. Kuɗin Adaidaita Sahu da na bas suka bi bayanta. Ma'aikacin da ke hawa biyu zuwa, biyu dawowa, idan aka nuna masa abin hawan da ba ruwansa da gidan mai, ba wuya ya kwashi adashinsa ya miƙa.

Kafin ka miƙa, ga abin da nake so ka riƙe: mai sayen keke mai caji batir yake saye, ƙarfen da tayoyin gyara ne aka ɗora masa. Batirin ne ya fi komai tsada a jikin keken, shi ne zai fara mutuwa, shi ne kuma zai iya tayar maka da gobara. Idan kana da inda za ka ba shi wuta kullum, kana kuma da halin sayen wani ranar da ya gaji, keke mai caji alheri ne. Idan babu, keken feda da iyayenmu suka hau ya fi rufa maka asiri nesa ba kusa ba.

Fara da auna tafiyarka. Kada ka dogara da "ai nan da nan ne" irin tamu. Buɗe taswirar da ke wayarka ka ga kilomita nawa ne daga ƙofar gida zuwa wurin aiki. Mai feda da ba tsere yake ba yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa guda a cikin gari, mai caji kuwa 20 zuwa 25. A tafiyar kilomita 5, na farko zai yi kamar minti 22, na biyu minti 14. Tazarar ba ta kai minti goma ba, kuma idan hanyar taka ta bi ta 'Yankura ko bakin Kantin Kwari a Kano ma ɓacewa take yi, don ku duka biyun lallaɓawa za ku yi tsakanin Adaidaita da masu kura. Amma idan tafiyar ta kai kilomita 15, mai feda zai haura awa guda, mai caji ya isa cikin minti 40. Sau biyu a rana, kwana biyar ko shida a mako, a nan kam maganar ta canza.

Ƙasar ma tana da nata. Kano da Katsina da Maiduguri da Maraɗi shimfiɗaɗɗun garuruwa ne, ƙafa ba ta shan wahala sosai. Mutanen Maiduguri sun nuna haka tun 2011 da aka hana hawa babur a birnin saboda tsaro: ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗalibi suka koma keke, harka kuma ta ci gaba. Wanda ke Jos ko Abuja, inda ake sauka gangare a hau tudu, shi ne zai fi jin daɗin taimakon inji, ko da tafiyar tasa gajeriya ce.

Gaskiyar magana, ba nisa ne ke hana yawancin ma'aikata hawa keke ba, gumi ne. Mutum ya sa shaddarsa mai guga, ya isa ofis bayan rigar ya jiƙe sharkaf, gobe ba zai ƙara ba. Wannan yana da magani, kuma maganin ba shi da tsada. Ka fita kafin rana ta ɗaga, ka taka a hankali da giya mai laushi, ka ɗaure jakarka a kan kariya maimakon goya ta a baya, domin goyon jaka ne ke jiƙa riga. Ka hau da ƙaramar riga, kaftanin da hula suna naɗe cikin jaka tare da singiletin canji da ƙaramin tawul. Minti biyar a wurin alwala ya isa ka fito tsaf. Inda wannan dabara ba ta aiki shi ne ga wanda sana'arsa ta tilasta masa yawo da tsakar rana, kamar malamin da ke koyarwa a makarantu biyu ko mai kai kaya gida-gida, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Haka wanda shekaru suka ja, ko mai ciwon gwiwa. Haka kuma watan azumi, wanda a 2024 da 2025 ya faɗo cikin Maris, a bakin bazara: taka kilomita 10 da la'asar da bushewar maƙogwaro ba wasa ba ne. A irin waɗannan wurare keke mai caji ya yi wa na feda fintinkau.

Sai kuma raini, wanda ba a cika faɗa a fili ba. A da, malamin makaranta ko malamin gona da ya sayi Raleigh sai unguwa ta fito kallo, a naɗe masa jiki da leda kada fentin ya karce. Yau magidanci ya hau keke sai a fara tambaya ko karayar arziki ce ta same shi. Na lura mutane da yawa ba don nisa ko gumi suke son mai caji ba, sai don a ga ba takawa suke ba. Wannan ba dalilin cin bashi ba ne. Masu yi maka kallon raini babu wanda zai taya ka sayen batir a cikinsu.

To, a ce ka auna, ka ga mai cajin ne ya dace da kai. Ka sani ba duk abin da ake kira keke mai caji ne keke ba. Akwai wanda sai ka taka feda injin zai ƙara maka ƙarfi. Akwai mai totur a hannu kamar babur, amma da fedar gaske da sarƙa da giya. Akwai kuma wanda ya fi yawa a shaguna, mai kama da roba-roba, wanda fedarsa ado ce kawai, wani ma babu ita sam. Gwajin mai sauƙi ne: ka kashe makullin ka taka shi da ƙafa mita 200. Idan ka kasa, ka san ranar da caji ya ƙare maka a hanya turawa za ka yi, kuma ba ƙaramin kaya ba ne. Keken feda nauyinsa kilo 13 zuwa 20 ne. Mai batirin litiyom yakan kai 22 zuwa 28. Mai batirin dalma kuwa yana haura 45. Idan a bene kake haya, ko dokin ƙofar gidanku yana da tsawo, ka ɗaga shi a shago ka ji kafin ka biya. Ga mata da ɗalibai masu zane da dogon hijabi, a nemi wanda babu sanda a tsakiyarsa, a kuma tabbatar sarƙar da gefen tayar baya suna da rufi, don kama tufa a sarƙa yana kayar da mutum nan take.

Yanzu mu zo ga batir, inda ciniki yake. A jikinsa za ka ga lambobi biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da Ah. Ka ninka su, abin da ya fito shi ne yawan wutar da yake ɗauka. Mai 36V da 10Ah yana ɗaukar 360. Mai 48V da 12Ah yana ɗaukar 576, wato ya ɗan haura rabin yunit ɗaya na mitar gidanka, tunda yunit guda 1,000 ne. Babban mutum da ke tafiya da totur zalla yana cinye kamar 20 a kowace kilomita. Wanda ke taya injin da feda yana cinye kamar rabin haka. Ke nan mai 576 zai kai ka kilomita 28 ko 29 ba tare da ka taka ba, ko wajen 57 idan kana takawa. Idan mai shago ya ce maka wannan batirin zai yi kilomita 80, ka san an auna ne da siririn mahayi a santsin kwalta ba iska ba kaya. Rairayi, tayar da ba ta da iska sosai, goyon yaro zuwa makaranta, buhun masara a kan kariya, duk rage tafiyar suke yi. Shawarata, tafiyarka ta yini guda, zuwa da dawowa, kada ta wuce kashi biyu cikin uku na abin da lissafinka ya ba ka, don batirin da ya shekara ba ya ɗaukar abin da sabo ke ɗauka.

Batirin iri biyu ne. Na dalma ɗan'uwan na mota ne da na inbata: ana jera ƙananan guda huɗu masu 12V su ba da 48V. Ya fi araha, ana samunsa a kasuwa, kuma bai cika kamawa da wuta ba. Aibinsa nauyi da gajeren rai. Caji 300 zuwa 400 ne iyakarsa idan an kula da shi, wato shekara guda da 'yan watanni ga mai hawa kullum, kuma ba ya yafe wa wanda ya bar shi ya kwana biyu a ƙare. Idan ɗaya daga cikin huɗun ya mutu, duka ake canzawa. Haɗa sabo da tsofaffi asarar kuɗi ce. Na litiyom ya fi sauƙin nauyi, mai kyau yana yin caji 500 zuwa 800 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. A cikin litiyom ɗin akwai wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, irin wanda masu haɗa sola suka sani. Ya ɗan fi nauyi, amma yana haura caji 2,000, ya fi jure zafi, ya kuma fi wuyar kamawa da wuta. Idan ka same shi kuma aljihu ya ɗauka, shi za ka saya. Duka nau'o'in zafi ne babban abokin gabarsu, mu kuwa shi muke da shi. Keken da ke yini a rana a ƙofar ofis daga Maris zuwa Mayu, batirinsa tsufa yake da wuri. Ka nema masa inuwa kamar yadda kake nema wa kanka.

Lissafin kuɗi kuwa ga yadda ake yinsa. A watan Afrilun 2024 an ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa wajen 210. Ko da wannan farashi mafi tsada, cika batir mai 576, har da wutar da caja ke zubarwa, bai wuce naira 150 ba. Ka raba da kilomita 30, naira 5 ke nan kowace kilomita. Babur mai cin kilomita 40 a lita guda, idan lita tana 1,000, naira 25 yake ci, ban da baƙin mai. A nan mai shago ke tsayar da lissafinsa. Kai kuwa ka ci gaba. Tambaye shi nawa ne sabon batir irin wannan, kuma ya ɗauko maka shi ka gani da idonka, ba "za a kawo daga Legas" ba. Mu ƙaddara ya ce naira 200,000. Lamba ce ta misali, kai ka sa wadda aka faɗa maka. Caji 500 sau kilomita 30 ya ba da kilomita 15,000. Ka raba, za ka ga kowace kilomita tana cin naira 13 na batir, kusan ninki uku na kuɗin wuta. Har yanzu ya fi babur sauƙi, amma ba kyauta ba ne, kuma kuɗin ba a hankali ake biyansa kamar na mai ba, rana guda yake faɗo wa mutum. Saboda haka daga ranar da ka fara hawa, ka buɗe asusu ka riƙa jefa rabin abin da kake kashewa a kuɗin mota a da. Kekuna masu caji da ke jingine a gidaje ƙura ta rufe su, yawancinsu lafiyarsu ƙalau, kuɗin batir na biyu ne ya gagara.

A ina za ka yi caji? Caja mai ba da 2A tana buƙatar kamar awa shida ta cika batir mai 12Ah. Idan unguwarku wuta awa biyu take yi ta ɗauke, ko sai ƙarfe biyun dare ake kawowa, ka riga ka san amsar. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama sun haura mako guda cikin duhu. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ɗanɗana tasu bayan juyin mulkin Yulin 2023, da Najeriya ta katse musu layi na tsawon watanni. A irin waɗannan kwanaki mai feda bai san ana yi ba. Kada kuma ka ce za ka tayar da ƙaramin janareta don caji kaɗai: awa shida zai sha lita biyu ko fiye, man da zai kai babur kilomita 80. Sai dai idan dama an tayar da shi don wani aiki, ka raɓa. Wanda ya more shi ne mai sola. Faranti guda mai wat 300, a ranarmu ta Arewa, yana tara fiye da yunit ɗaya a yini, ya ishi keke har da saura. Matsalar ita ce lokacin da rana ke bayarwa, kai da keken kuna wurin aiki. Don haka ka nemi keken da ake zare batirinsa da makulli. Ka shiga da shi ofis ko shago ka jona da izinin mai wurin, ɓarawo kuma ya tarar da gangar jiki kawai a waje. Idan wuta ta ɗauke, ka zare caja daga bango. Dawowarta da ƙarfi ne ke ƙona caja.

Maganar gobara ba ta tsoratarwa ba ce. A birnin New York na Amurka, mutum 18 ne suka mutu a 2023 sanadin gobarar batiran litiyom. A watan Fabrairun 2024, wutar da ta tashi daga inda ake ajiye kekuna masu caji a ƙasan wani dogon bene a birnin Nanjing na Sin ta kashe mutum 15. Abin da ya fi damuna a namu tsarin shi ne zaure. A nan muke ajiye keke da babur, kuma a yawancin gidajenmu ita ce ƙofar fita tilo. Batirin litiyom idan ya kama, cikin daƙiƙoƙi yake tofa wuta da hayaƙi mai guba, bokitin ruwa ba ya kashe shi. Kada ka yi caji a zaure, ko ɗakin kwana, ko kusa da katifa da jarkar mai. Ka yi a tsakar gida, a inuwa, a kan siminti, lokacin da akwai wanda idonsa biyu. Idan ka dawo daga tafiya, ka bar batirin ya huce rabin awa kafin ka jona. Cajarsa kaɗai za ka sa masa. Ta dalma ba ta litiyom ba ce ko da bakinsu ya shiga. Idan ya kumbura, ko ya fara wari, ko ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ka fitar da shi fili ka daina amfani da shi. Idan ya kama, fitar da iyali za ka fara yi, ka kira 'yan kwana-kwana.

Wajen gyara, keken feda ba shi da na biyu. Babu unguwa ko ƙauyen da za ka rasa mai faci a gindin bishiya, da boris da tiyub da robar birki a akwatinsa. Keke mai caji kuwa yana da abubuwa uku da mai facin unguwa bai saba da su ba: injin da ke cikin cibiyar tayar baya, ƙaramin akwatin da ke sarrafa wuta wanda masu gyara ke kira kwantirola, da allon kariya da ke cikin batir mai yanke wuta idan ya cika ko ya yi zafi. Kafin ka saya, ka ce a nuna maka mai gyaran da ke garin, ka je ka gan shi, ka tambaye shi wane iri ne ake samun kayansa. Shi zai gaya maka gaskiyar da mai shago ba zai faɗa ba. Ranar da ƙaya ko tsidau ta huda maka tayar baya, ka tsaya a kan mai faci: ya zaro tiyub ya like ba tare da ya kwance tayar ba, idan kuma dole sai an kwance, a cire mahaɗin waya tukuna. Fizgar wayar nan da ke fitowa daga cibiyar taya ta kashe injuna da yawa. Da damina kuma, yayyafi ba ya yi masa komai, amma ruwan da ya kwanta a titi ya kai cibiyar taya, kada ka shiga. Ka sauka ka kewaya. Kada ka kai shi wurin wankin mota a feshe shi da ruwa mai ƙarfi, tsumma mai laima ya isa.

Na gwanjo fa? Gangar jikin waɗanda ake kawowa daga Turai takan fi ta sababbin masu araha inganci, amma ka ɗauka batirinsu ya riga ya ci rabin ransa, ka yi ciniki a kan haka. Wasunsu ma ba sa karɓar kowane batir sai na kamfaninsu. Fitilun da ke nuna caji ya cika ba hujja ba ne. Mataccen batir ma yana cika, saurin ƙarewa ne aibinsa. Ka ce a bar ka ka hau shi tare da yaron shago har wutar ta ragu sosai, wayarka tana auna kilomita. Ka guji batirin da aka haɗa a bayan shago da ƙwayoyin tsofaffin batiran kwamfuta, komai arharsa. Masu son ɗora inji a kan tsohon kekensu kuma, a duba birki tukuna. Birkin sanda irin na Phoenix da Raleigh an yi shi ne don gudun ƙafa, ba zai tsayar da keken da ke gudun kilomita 25 ko 30 da nauyin batir ba.

Idan kuwa lissafi ya kai ka ga na feda, kada ka ɗauka ka faɗi ƙasa. Ka dai saye shi da ido. Phoenix mai manyan tayoyi har gobe ba shi da kamarsa wajen ɗaukar kaya da jure hanyar ƙauye. Don zuwa aiki a cikin gari kuwa, na gwanjo mai giya, marar nauyi, mai kariya da marufin taya, ya fi daɗin takawa. Ka guji masu ƙyalƙyali da sifirin a tsakiya da ake sayarwa da araha: nauyi ne kawai, kuma sifirin ɗin cinye ƙarfin ƙafarka yake. Yawancin masu cewa keke na sa ciwon gwiwa, sirdinsu ne ya yi ƙasa. Ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai, tsayin ya yi daidai. Ka sayi famfo naka ka riƙa duba iska duk mako, don taya mai laushi ita ke gajiyar da mutum, ita ke yawan faci. Da hunturu, kada ka labta wa sarƙa baƙin mai, ƙura yake tarawa ya cinye haƙoran giya. Ka goge ta da tsumma, ka ɗiga mata man keken ɗinki kaɗan. Ga kuma ribar da ba ta shiga lissafin naira: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Mai taka minti 20 zuwa, 20 dawowa, kwana biyar, ya yi 200 ba tare da ya ware wani lokaci ba, abin da likita ke roƙon mai hawan jini da mai ciwon suga su yi. Mai taya inji da feda ma yana samun rabonsa. Mai murɗa totur kaɗai ba ya samun komai.

Ko wanne ka hau, titi ɗaya za ku bi, kuma titunanmu ba a yi su da mai keke a zuciya ba. A farkon mulkin farar hula na Obasanjo, Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, shi kansa yana hawa zuwa aiki a Abuja, har wata bas ta ture shi ya faɗa lambatu. Idan minista bai tsira ba, kai sai ka kula da kanka. Ka zaɓi hanyoyin cikin unguwa ko da sun ɗan fi tsawo. Kada ka bi hannun da ba naka ba, kada ka kutsa ta gefen tirela ko tifa a kwana, ka kuma sa rai Adaidaita zai tsaya a gabanka ba sigina duk inda ya hango fasinja. Fitila gaba da baya dole ce ga mai dawowa bayan magariba, hular kwano kuma ta fi zama dole ga mai caji. Dalili shi ne direbobi suna ganinsa su ɗauka gudun keke yake, ba ya kuma ƙara balle a ji zuwansa, ga shi ƙarfin karo a gudun kilomita 25 ya kusa ninka na gudun 15 sau uku. Ba banza ba ƙasashen Turai suka ce injin keke ya daina taimako a kilomita 25 a awa, Sin ma, mai kekuna masu caji fiye da miliyan 300, ta tsayar da iyakar a nan tun 2019. Idan yaron shago ya ce zai buɗe maka shi ya riƙa gudun 40, ka ce ka gode. Wanda kuwa ya kai babur girma da gudu, ka ɗauke shi babur, ka je ofishin lasisi ka tambayi batun lamba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin keken, ka sayi sarƙa da kwaɗo na kirki, ka riƙa ɗaure shi da ƙarfe ko a ƙofar masallaci ne.

Ga hukuncina. Idan tafiyarka ba ta wuce kilomita 7 ba, garinku shimfiɗe yake, lafiyarka ƙalau, sayi keken feda mai kyau, ragowar kuɗin ka sa a cefane. Idan tana tsakanin 8 da 20, ko akwai tudu, ko dole ka yi yawo cikin rana, sayi mai caji, da sharaɗi uku: fedarsa ta gaske ce, batirinsa ana zarewa kuma ka ga irinsa a kasuwar garinku, kana da sola ko tsayayyiyar wuta a gida ko wurin aiki. Idan ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, ka dakata. Idan kuwa tafiyar ta wuce haka, ko kullum da goyon mutum biyu da kaya, keke kowane iri ne ba zai ɗauke ka ba, babur ko motar haya ce taka. Wanda har yanzu yake wasi-wasi, ya ari keken feda ya gwada hanyar aikinsa mako guda kafin ya je shago.